"Babu netwok": Yadda za ka gano inda sadarwa ta tsinke kafin ka ɗora wa kowa laifi

A shagunan da ke bakin titin Kano zuwa Daura a cikin garin Kazaure, da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Babura da Roni da Gwiwa, da wuya a wuni ba a ji wani ya ce "babu netwok" ba. Mai POS kan faɗa wa wanda ya zo cirar kuɗi. Akawu kan faɗa wa malamin makarantar da ya yi sammako don a shigar da bayanansa a kwamfuta. Dillalin riɗi ko zoɓo kan faɗa yana tsaye a gaban motar da aka gama loda wa kaya, yana jiran alat ɗin da ya ƙi shigowa, direba kuma yana matsa masa lamba.

Da zarar an furta wannan magana sai kowa ya naɗe hannu, kamar dai hadari ne da ba a san lokacin saukarsa ba. Alhali a ƙarƙashin kalmomin nan biyu akwai matsaloli iri-iri, kowace da wurin da take aukuwa da kuma wanda ke da alhakin gyara ta. Wata tana cikin wayar da ke hannunka, minti biyu ya isa ka magance ta. Wata tana ofishinku, a jikin igiyar da ɓera ya ci. Wata tana turken sadarwar da ke bayan gari. Wata kuma tana banki, ko ma a ƙarƙashin teku. Wanda ya iya bambance su ba zai sayi datar da ba ya bukata ba, ba zai tura kuɗi sau biyu ba, kuma ba zai kai ƙara inda ba a yi masa laifi ba.

Mene ne netwok?

Duk lokacin da aka haɗa na'urori biyu ko fiye domin su riƙa musayar bayanai, an samu netwok. Kwamfutoci huɗu da firinta ɗaya a ofishin ma'aji, idan an haɗa su da igiya ko da Wi-Fi, sun zama ƙaramin netwok na cikin gida. Za su iya aika wa juna takardu ko da babu intanet ko kaɗan. Intanet kuwa ita ce haɗakar ɗimbin irin waɗannan netwok na duniya, waɗanda suka amince su yi magana da ƙa'ida ɗaya da ake kira TCP/IP.

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule. Idan ka tura hoton kaya ga abokin ciniki a Kano, ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi-ƙunshi, kowane ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi, sai a sake harhaɗa su a can. Kamar mai hatsi ne da ya rarraba buhunansa a motoci daban-daban zuwa Dawanau: idan mota ɗaya ta maƙale, sai an sake aiko da buhunan da ke cikinta kafin lissafi ya cika. Wannan sake aikowa shi ne yawancin abin da muke gani a matsayin nauyin netwok.

Hanyar da saƙo ke bi

Mu ɗauki ɗan kasuwar da ke Gwiwa yana tura kuɗi ta manhajar banki. Saƙon zai tashi daga wayarsa ta iska zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga turken zai bi ko dai wayar gilashi da aka binne a gefen hanya, ko kuma faifan da ke harba sigina daga turke zuwa turke, har ya isa babbar cibiyar kamfanin layin. Daga nan zai shiga kwamfutocin bankinsa. Bankin zai miƙa shi ga NIBSS, kamfanin da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, mai hedikwata a Legas, shi kuma ya miƙa wa bankin mai karɓa. Sai amsa ta biyo hanya ta dawo. Idan kuwa shafin da ake nema yana Turai ko Amurka ne, sai saƙon ya ratsa ta wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda akasarinsu a Legas suka sauka.

Ke nan akwai gaɓoɓi biyar: na'urarka, haɗinta da rauta ko turke, hanyar kamfanin layi, manyan hanyoyin intanet, sai kwamfutar da ke ɗauke da abin da kake nema, wadda ake kira saba. Gaɓa ɗaya ta tsinke, duka aikin ya tsaya, kuma abin da za ka gani a fuskar wayarka kusan iri ɗaya ne. Saboda haka ƙa'idar masu gyara ita ce a fara bincike daga kusa, a bi gaɓa-gaɓa zuwa nesa.

Akwai kuskuren da ya kamata a kawar tun daga nan. Sandunan sabis da ke saman waya suna nuna ƙarfin sigina ne tsakanin wayarka da turke kawai. Ba su san abin da ke faruwa a bayan turken ba. Haka ma alamar Wi-Fi, iyakarta ta nuna cewa ka haɗu da rautar ofis. Rautar kanta tana iya zama babu data, ko layinta a toshe. Shi ya sa ake ganin sabis cike amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi fita.

Idan a waya ne

Tambaya ta farko: ni kaɗai ne, ko har da na kusa da ni? Ka tambayi maƙwabcin shago mai layi irin naka. Idan nasa yana aiki, matsalar tana wayarka ko layinka. Idan duk masu layin kamfani ɗaya sun tsaya amma na wani kamfanin suna aiki, matsalar ta kamfanin ce. Idan dukkan layuka sun ɗauke a lokaci guda, galibi turken ne ya mutu, domin kamfanoni da dama kan yi tarayya a turke ɗaya, ko kuma an tsinke wayar gilashin da ke ciyar da yankin.

Tambaya ta biyu: komai ne ya ƙi buɗewa, ko abu ɗaya? Idan WhatsApp na aiki, shafukan labarai na buɗewa, amma manhajar banki ta ƙi, to intanet ɗinka lafiya take. Matsalar tana wajen bankin, kuma sayen sabuwar data ba zai amfana maka komai ba.

Idan ya tabbata kai kaɗai ne, sai ka duba data. Tun daga 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin dukkan kamfanoni: *323# don ganin ragowar data, *310# don ganin kuɗin kira, *312# don sayen data, 300 kuma don kiran masu kula da abokan hulɗa. A lura da nau'in datar. Akwai wadda aka ware don kafafen sada zumunta kaɗai, akwai ta dare kaɗai. Mutum zai ga yana da data, amma ba za ta buɗe masa shafin JAMB ko manhajar banki da rana ba.

Sai matsayin layin. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma an sha rufe layukan da bayanansu ba su dace ba. Lambar *996# tana taimakawa wajen duba wannan.

Idan duk wannan lafiya, ka danna alamar jirgin sama na kamar rabin minti sannan ka cire. Hakan na tilasta wa wayar ta sake neman turke daga farko. In bai yi ba, ka kashe wayar ka kunna. Ka kuma duba cewa layin da ke da data shi aka zaɓa, domin a waya mai sim biyu wannan kuskure ya fi kowane yawa. Ka tabbatar kwanan wata da agogon wayar daidai suke, saboda shafukan banki da na gwamnati kan ƙi buɗewa idan kwanan wata ya kauce. Wanda ke amfani da manhajar VPN ya kashe ta ya sake gwadawa.

Harafin da ke kusa da sandunan sabis ma yana da labari. E na nufin tsohon tsarin 2G, wanda ya isa kira da gajeren saƙo amma ba ya iya ɗaukar manhajojin yau. H ko H+ na nufin 3G, sai 4G ko LTE. A ƙauyukan da ke nesa da turke wayar kan yi ta tsalle tsakanin waɗannan, kowane tsalle kuma yana katse abin da ake yi. A irin wannan wuri ya fi kyau a shiga saitin wayar a tsayar da ita kan wanda ya fi ƙarfi a wurin.

Yanayin ƙasa da gini suna da nasu tasiri. Duwatsun da ke kewayen Kazaure da Roni kan tare sigina, har a samu sabis a wannan gefen tudu a rasa a wancan. Shagon kwantena, rufin kwano da katanga mai kauri duk suna raunana ta, don haka fitowa bakin ƙofa kan wadatar a wasu lokuta. Ranar kasuwa kuma dubban wayoyi kan taru a kan turken da a sauran ranaku ɗaruruwa yake ɗauka. Sabis zai nuna cike, amma rabon kowa ya zama kaɗan. Mai babban ciniki gara ya yi tiransifarsa da sassafe kafin kasuwa ta cika.

Idan a ofis ne

A ofis, a fara da abin da ido ke gani. Rauta tana kunne? Fitilar da ke nuna intanet kore ce ko ja? Igiyar da ke bayan kwamfuta ta shiga har ta yi ƙara, kuma ƙananan fitilun ramin suna ƙyaftawa? Kaso mai yawa na abin da ake kiran injiniya dominsa bai wuce igiyar da mai shara ya fizge ba, ko caja da ta ƙone lokacin da aka sauya daga wutar KEDCO zuwa janareta. Igiyar netwok ta yau da kullum ba a so tsawonta ya wuce mita 100, don haka wadda aka ja daga wannan gini zuwa wancan tana iya yin aiki yau ta ƙi gobe.

Idan za a sake kunna rauta, a zare ta daga wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar, a ba ta minti biyu ko uku. Kada a soka tsinke a ƙaramin ramin da ke bayanta. Wannan yana goge dukkan saitin da aka yi mata ne, har da sunan Wi-Fi da kalmar sirri, sai an nemo wanda ya saita ta tun farko.

Wurin ajiye rauta ma abin dubawa ne. A ɗora ta a sama, a tsakiyar ofis, ba cikin kabad ɗin ƙarfe ba, ba kuma kan taga inda ranar Afrilu za ta gasa ta ba, domin zafi kan sa ta riƙa ɗaukewa. Rautoci da yawa na fitar da Wi-Fi iri biyu. Mai lamba 2.4 ya fi nisan zango da ratsa bango, mai lamba 5 ya fi sauri amma sai a kusa. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a zare rauta da igiyoyinta.

Bayan wannan sai a koma ga lambobi uku da kowace kwamfuta ke bukata. Na farko adireshin IP, wanda yake kamar lambar gida. A yawancin ofisoshi yana farawa da 192.168, kuma rauta ce ke raba wa kowace na'ura nata. Na biyu adireshin ƙofar fita, wato ita rautar kanta, wadda duk saƙon da zai bar ofis sai ya bi ta cikinta. Na uku DNS, wanda ke aiki kamar littafin lambobin waya: kai ka rubuta sunan shafi, shi kuma ya nemo lambar sabar da ke ɗauke da shi.

A kwamfuta mai Windows, a rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo zai buɗe. A rubuta ipconfig. Idan adireshin da ya fito ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, ita ta ƙirƙira wa kanta. Matsalar tana tsakaninta da rautar: igiya, Wi-Fi, ko rautar da ta daskare. Idan adireshin daidai ne, a duba lambar da ke gaban Default Gateway, misali 192.168.0.1, sai a rubuta ping a bi shi da wannan lamba. Umarnin ping kamar sallama ne a ƙofar gida. Idan an amsa, cikin ofis lafiya yake.

Daga nan a rubuta ping 8.8.8.8, wadda lambar wata sabar Google ce. Idan rauta ta amsa amma wannan ta ƙi, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin da ke ba ku intanet: data ta ƙare, layi ya toshe, ko hanyarsu ta tsinke. Idan ta amsa amma ping google.com ya ƙi, to DNS ne ya samu matsala, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 kan warware ta. Idan duk sun amsa amma shafin ma'aikata ɗaya ne ya ƙi buɗewa, sabarsu ce ta faɗi ko jama'a suka yi mata yawa, kamar yadda kan faru a kwanakin ƙarshe na kowace rajista. Babu abin da za a gyara a ofis, sai dai a gwada da dare ko da asuba, a kuma daina barin aiki sai ranar rufewa.

Idan kuwa intanet na aiki amma da nauyi, a ƙirga masu amfani da ita. Kalmar sirrin da ta zaga har wajen masu shayin bakin sakatariya ba za ta bar wa akawu komai ba. A sauya ta lokaci-lokaci. A kuma san cewa kamfanoni da megabit suke auna sauri, fayil kuma da megabait ake auna shi, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Layin da aka ce yana da saurin 8, megabait ɗaya yake saukewa a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai.

POS da tiransifa

A nan ne rashin sani ya fi cin kuɗi, kamar yadda 'yan kasuwa suka gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tiransifa gaba ɗaya har hanyoyin bankuna suka cushe. Na'urar POS waya ce mai sim a ciki, saboda haka duk abin da aka faɗa game da waya ya shafe ta. Amma ko siginarta ta cika, cinikin na iya faɗuwa a bankin mai kati ko a tsakanin bankuna. Hanyar ganewa ita ce a gwada katin wani banki. Idan ya wuce, na'urar ba ta da laifi.

Idan aka cire kuɗin mutum amma na'ura ta nuna ciniki bai yi ba, kada a yi ta maimaitawa. A ajiye rasit, a rubuta lambar cinikin da lokacinsa. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin sa'o'i 72. Mai katin zai kai ƙorafi bankinsa ne, idan kuma aka yi makonni biyu ba a share masa hawaye ba, yana da damar kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin.

Ga mai sayarwa kuwa, hoton rasit da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaidar biya ba ne, haka ma gajeren saƙon alat, domin ana ƙirƙirar na bogi. Shaida ita ce ganin kuɗin a cikin asusunka. Idan manhaja ta ƙi buɗewa, lambar USSD ta bankinka ba ta bukatar data, tana aiki ko a kan 2G. 'Yan damfara sun fi son lokacin da netwok ke wahala, saboda a lokacin ne ake sakin kaya bisa alkawarin cewa kuɗi na hanya.

Abin da ya fi ƙarfin mai waya

Wasu matsalolin ba su da magani a hannun kowa a Kazaure ko Babura. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka tabarbare a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, abin da ya bar turakun sadarwa da masu cajin waya a kan dizal da hasken rana. Aikin hanya da na magudanar ruwa kan tsinke wayar gilashi, ɓarayi kuma kan sace batura da man janareton turaku. Wannan ne ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Mazauna unguwar da ke da turke su ne farkon masu asara idan aka taɓa shi, don haka sa ido a kansa aikinsu ne.

Abin da mutum zai iya yi shi ne shiri. Ɗan kasuwa ya riƙe layukan kamfanoni biyu da asusu a bankuna biyu. Ofis ya tanadi hanya ta biyu, ko da wayar da za a kunna wa hotspot ce, ya kuma haɗa rauta da ƙaramin batir don kada ta mutu duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Idan za a kai ƙorafi, a kira 300 da bayani a hannu: unguwa ko ƙauye, ranar da matsalar ta fara, ko kira ne ko data, da abin da aka riga aka gwada. A karɓi lambar ƙorafin a ajiye. Idan kamfanin bai yi komai ba, a kira NCC kyauta a kan 622 a ba su wannan lamba. Ƙorafin da ya ce tun ranar Talata masu layi kaza a unguwa kaza ba sa samun data daga azahar zuwa magariba ya fi saurin kai injiniya wurin fiye da "babu netwok".

Yankin ba ya rasa masu wannan ilimi. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A Babura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2021. Kowace sakatariya da ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya samun matashi ɗaya daga cikin ɗaliban waɗannan makarantu ya koya wa mutum biyu ko uku matakan da aka zayyana a sama, a rubuta su a takarda a manna kusa da rauta, tare da lambar layin da ke cikinta da ranar da datarta za ta ƙare.